Tsatson Uwa: Tafiyata Zuwa Ƙasar Sami

Akwai jirgin ƙasa da ke barin Helsinki da yamma, ya kwana yana gudu, ya sauke mutane a Rovaniemi da safe. Har motoci ake loda masa a taragun baya. Shi muka hau a farkon watan Yuli, ni da wani abokin karatuna ɗan ƙasar Finlan, da 'yar motarsa. Ban runtsa sosai ba. Duk sa'ad da na ɗaga labulen taga sai in ga haske kwance a kan dazuzzuka da tafkunan da ba sa ƙarewa. Muna ƙara nausawa arewa dare na ƙara ja da baya, har ya ɓace ɗungurungum.

Abin da ya tashe ni wannan tafiya 'yan haruffa ne da lambobi a kan takarda: U5b1b. Na taɓa aika yawuna a 'yar kwalba zuwa ɗaya daga cikin kamfanonin nan masu gwajin asali. Na sa ran gefen uwa zai fito da harafin L, kamar yadda yake fitowa ga mafi yawan mutanen Afirka kudu da Sahara. Mahaifiyata Bafulatana ce, danginta makiyaya ne a ƙasar Adamawa, kuma ba mu taɓa jin an ce wata kakarmu ta fito daga inda ya wuce Kamaru ko Borno ba. Sai ga U5, tsatson da masana ke dangantawa da tsofaffin mafarautan Turai, wanda a yau babu al'ummar da ta kai mutanen Sami yawansa, can ƙurewar duniya ta arewa. Na ce tunda Allah ya kawo ni karatu ƙasar da wani yankinsu yake ciki, ba zan koma gida ban sa su a ido ba.

A cikin kusan kowane tantanin jikin mutum akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira mitokondiriya, su ke juya abinci ya zama ƙarfi. Suna da nasu ɗan kundin gado, daban da babban kundin da uwa da uba ke haɗuwa su bayar. Ƙarami ne ƙwarai, haruffa 16,569 kacal, alhali babban ya haura biliyan 3. A 1981 aka fara karanta shi kaf a Kambirij ta Ingila. Abin da ya sa masu binciken asali suka ƙwallafa rai a kansa shi ne ta wajen uwa kaɗai yake saukowa. Uwa na ba 'ya'yanta maza da mata, amma mace ce kawai ke miƙa shi gaba. Nawa a kaina zai tsaya, 'ya'yana na uwarsu za su ɗauka. 'Ya'yan ƙannena mata su ne za su ci gaba da na Dada, mahaifiyarmu.

Wanda ya yi karatun zaure ya san halin littafin da aka kwafa da hannu. Wani marubuci can baya zai tsallake ɗigo ko ya sauya harafi, duk wanda ya kwafa daga nasa ya gaji wannan sauyi, har malami mai ido ya duba kwafi biyu ya ce waɗannan daga hannu ɗaya suka fito. Haka wannan kundi yake. Sau ɗaya a 'yan dubban shekaru harafi guda kan sauya a jikin wata mace, 'ya'yanta mata su gada, jikokinta su gada. Da waɗannan sauye-sauye aka zana bishiyar iyaye mata ta duniya, kuma tun binciken 1987 aka nuna saiwarta a Afirka take. Waɗanda suka fita daga nahiyar shekaru 60,000 zuwa 70,000 da suka wuce daga wani reshe mai suna L3 suka tsiro. A cikin zuriyarsu aka sami U, daga U aka sami U5, wanda ake ƙiyasta shekarunsa da 30,000 ko fiye.

Daga Rovaniemi zuwa Inari kilomita kusan 330 ne a kan babbar hanyar E75, ta Sodankylä da Ivalo. Da fitarmu gari kaɗan muka tsallaka layin Aktik, iyakar da daga ita zuwa arewa ake samun lokacin da rana ba ta faɗuwa. Sannu a hankali itatuwa suka riƙa gajercewa, gidaje suka yi ƙaranci, har a yi tafiya mai nisa ba a gamu da mota ba. Abin da ke tare hanya su ne barewar ƙanƙara, dabbar da Sami ke kira boazu suke kiwonta. A wannan lokaci sauro da ƙudaje ke koro su daga daji, su fito kan kwalta inda iska ke kaɗawa, su tsaya abinsu. Ɗaya ta zo dab da tagar motarmu. Gashin sanyinta na zuba gungu-gungu, ƙahonta rassa-rassa lulluɓe da wata fata mai laushi, idan ta taka kuma sai ka ji ƙas-ƙas daga jijiyoyin ƙafafunta. Na lura an yayyanka gefen kunnenta. Abokina ya ce alamar mai ita ce, kowane makiyayi da tasa, kuma a tsakiyar bazararsu ake tara 'yan maruƙa a yi musu. Sauron kuwa ba a magana. Ba ya ɗauke da zazzaɓin maleriya, amma idan ka fito daga mota gajimare yake yi a kanka.

Salla ce ta fara ba ni tunani. A Inari rana ba ta faɗuwa daga ƙarshen Mayu har bayan tsakiyar Yuli. Musulmin da ke zaune a waɗannan wurare wasu lokutan Makka suke bi, wasu na gari mafi kusa da ake samun dare da rana. Na bi jadawalin Helsinki da ke wayata, na yi magariba da isha'i rana na tsaye ɓaro-ɓaro a kan tafki.

Inari ƙauye ne ƙarami a bakin wani makeken tafki mai tsibirai fiye da 3,000, amma shi ne cibiyar Sami a Finlan. Nan majalisarsu take, a ginin Sajos da aka buɗe a 2012, nan kuma gidan tarihinsu na Siida yake, wanda aka buɗe a 1998. Harsunan Sami uku ake yi a wannan ƙaramar hukuma guda: na Arewa, na Inari da na Skolt. Na Inari saura ƙiris ya mutu, masu jinsa 'yan ɗaruruwa ne, sai a 1997 aka buɗe gidan reno inda ba a yi wa yara magana da wani harshe sai shi, ya farfaɗo. Gaba ɗaya Sami ana ƙiyasta su tsakanin 80,000 da 100,000, a warwatse a Norwe da Suwidin da Finlan da yankin Kola na Rasha.

A Siida na daɗe tsaye gaban bayanin yadda ƙanƙara ta janye daga wannan ƙasa, domin nan labarin U5 ya haɗu da na ƙasar. Shekaru kimanin 20,000 da suka wuce duk inda muka biyo ɗin nan yana ƙarƙashin ƙanƙara, kaurinta ya kai kilomita 2 ko 3 a wasu wurare. Mutanen Turai na lokacin sun takure a kudu, a kudancin Faransa da Sifaniya da Italiya da yankin Balkan. Ba noma, ba kiwo. Farauta suke yi, da su, da tsintar 'ya'yan itatuwa. Da duniya ta fara ɗumama, ƙanƙara na ja da baya, namun daji na bin ciyawa zuwa arewa, su kuma suna bin namun daji. Da aka sami dabarar ciro kundin gado daga tsofaffin ƙasusuwa sai aka ga abin mamaki. Wani bincike na 2009 ya tarar kusan 8 cikin kowane 10 na mafarautan da aka gwada suna ɗauke da reshen U, akasari U5 da U4, manoman farko na tsakiyar Turai kuwa nasu rassan daban ne. Mutumin da aka tono a kogon Cheddar na Ingila a 1903, mai shekaru kimanin 10,000, U5b ne. Na Loschbour a Lukzambur, da aka samu a 1935, U5b ne. Haka waɗanda aka gano a kogon La Braña na Sifaniya a 2006. Sai manoma suka shigo daga Anatoliya, ƙasar Turkiyya ta yau, tun shekaru kimanin 8,500 da suka wuce, da alkamarsu da tumakinsu da yawan haihuwarsu. Bayansu makiyayan filayen arewa da Baƙin Teku suka biyo. U5 ya narke a cikin jama'a. A yau kusan Bature 1 cikin 10 ke ɗauke da shi, a Finlan kusan 1 cikin 5.

A wajen Sami kuwa kusan rabi ne. Binciken da Kristiina Tambets da abokan aikinta na Tartu a Estoniya suka fitar a 2004 ya nuna rassa biyu kacal, U5b1b da V, su suka kwashe kusan kashi 90 cikin 100 na iyayensu mata. Dalili bai wuce ƙarancin mutane ba. Al'umma 'yar ƙarama, a ƙasar da noma ba ya yi, nesa da kowa: idan 'yan mata ƙalilan suka kafa ta, tsatsonsu ne zai cika ta.

Shekara guda bayan haka, a 2005, Alessandro Achilli da Antonio Torroni na Jami'ar Pavia a Italiya suka fito da abin da ya shafe ni. Sun karanta kundin kaf na mutane masu U5, suka tarar Sami da al'ummar Amazik ta Arewacin Afirka, waɗanda Larabawa ke kira Barbar, 'yan'uwan Buzaye, sun haɗu a ƙaramin reshe guda mai shekaru kimanin 9,000. A cikin wannan reshe har da Fulani. Fassarar da suka yi ita ce, daga kudu maso yammacin Turai zuriyar ta rabu: wasu suka yi arewa bayan ƙanƙara, wasu suka tsallaka mashigin Jibralta, wanda faɗinsa bai wuce kilomita 14 ba a inda ya fi ƙunci. A wancan zamani Sahara ba hamada ba ce, akwai tafkuna da ciyawa, zanen shanu na nan a duwatsun Tassili na Aljeriya yana shaida. Ta wannan koren fili makiyaya suka gangaro Sahel, da matansu. A 2006 Viktor Černý na Prag ya gwada Fulani makiyaya a Cadi da Kamaru da Burkina Faso, ya sami kimanin kashi 8 cikin 100 da rassan da suka zo daga arewa, har da U5 da V. Kusan kashi 80 kuwa rassan Afirka ta Yamma ne tsantsa.

Wannan lamba ta biyun nake so kowa ya riƙe, domin na san gida. Akwai masu jiran irin wannan labari su yi tutiya da shi, su ce ai mu jinin Turawa ne ko na Larabawa. Akwai kuma waɗanda suka fi su haɗari, masu cewa Fulani baƙi ne su koma inda suka fito. Gwajin bai ba ko ɗaya daga cikinsu gaskiya ba. Mafi yawan iyayen Fulani mata 'yan wannan ƙasa ne tun fil azal. Kuma ko ni mai U5, idan na ƙirga baya zuwa kakanni hawa 10, gurbin mutum 1,024 ne, wannan zare mace ɗaya tak yake nunawa a cikinsu. Mai tutiyar farar fata kuma ya sani, da masanan gidan tarihin halittu na Landan suka karanta kundin mutumin Cheddar a 2018, abin da suka gano shi ne fatarsa mai duhu ce, idanunsa shuɗaye. Na La Braña ma haka.

A wani ɗan shago na kayan hannu, inda ake sayar da wuƙaƙe masu ƙotar ƙaho da kofunan da aka sassaƙa daga kullutun itace, na gamu da wata dattijuwa 'yar Sami. Na sayi kofi, hira ta ɓarke da Turanci, na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta saurare ni tsaf, cikin mutunci, amma na ga fuskarta ta ɗan canja da na ambaci gwajin jini. Ta ce mutanensu sun sha gwaji. Ta nuna wajen tafki ta ce akwai tsibirin da kakanninsu ke binne matattu, don kada namun daji su tono su, kuma daga can masu bincike suka kwashe ƙoƙunan kai suka kai Helsinki.

Ba ƙari ta yi ba. A ƙarni na 19 da farkon na 20 an tono kaburburan Sami da sunan ilimi. A 1922 Suwidin ta kafa cibiyar nazarin jinsin ɗan Adam a Uppsala, ƙarƙashin Herman Lundborg, wanda ya riƙa zagaya ƙauyukansu yana auna kawuna da hanci, ana ɗaukar mutane hoto tsirara, har yara 'yan makaranta, don a tabbatar su ƙasƙantattu ne. A 1995 aka mayar da wasu ƙoƙunan tsibirin Inari aka sake binnewa, a watan Agustan 2022 aka yi wa sauran sutura. A 2021 gidan tarihi na ƙasa ya dawo wa Siida kayan Sami fiye da 2,000. Duk wanda zai zo wa waɗannan mutane da maganar jini da tsatso ya kamata ya san wannan tarihi kafin ya buɗe baki. Ilimin yau ba irin na Lundborg ba ne, shi ne ma ya rushe ƙaryar fifikon jinsi, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Da na ce mata dangin uwata makiyaya ne, nan ne hira ta yi daɗi. Ta tambaye ni wa ke cinye mana makiyaya. Na ba ta labarin burtali da gonaki da fari. Ta ce su nasu masu haƙar ma'adinai ne, da masu sare daji, da masu kafa fankokin lantarki a kan tuddai. Ta kawo shari'ar Fosen, inda kotun ƙolin Norwe ta yanke a watan Oktoban 2021 cewa lasisin fankokin ya tauye haƙƙin makiyayan Sami. Ta ce abin da ya fi damunsu yanzu ruwan sama ne a tsakiyar sanyi: ya sauka kan dusar ƙanƙara ya daskare, dabba ta tona da kofato ta kasa kaiwa ga gansakukar da take ci, sai an sayo mata abinci a buhu. Kiwon garke babba ma, in ji bayanin Siida, bai kankama ba sai wajen ƙarni na 16 da 17. Kafin nan farautar barewar daji suke yi, da ramukan tarko jere a hanyar da take bi.

Daga Inari muka yi yamma, muka tsallaka iyaka a Karigasniemi ba tare da kowa ya tsayar da mu ba, muka shiga Karasjok ta Norwe. Garin na da tarihin sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a ƙasar, digiri 51.4 ƙasa da sifili, a 1886. Nan majalisar Sami ta Norwe take, wadda Sarki Olav na Biyar ya buɗe a 1989. Zauren zamanta an gina shi da siffar tantinsu na gargajiya mai tsini. Abin da na tsaya na karanta da kyau shi ne sharaɗin shiga rajistar masu zaɓenta: mutum ya ɗauki kansa Sami, sannan harshen Sami ya zama harshen gidansu, ko na iyayensa, ko kakanninsa, ko iyayen kakanninsa. Babu gwajin jini a ciki. Mutum na iya ɗauke da U5b1b bai zama Sami ba, wani ba shi da shi kuma Sami ne gaba da baya. Na ga hikimar wannan.

A Karasjok na kira ƙanwar mahaifiyata, wadda ta fi kowa sanin dangi.

"Yafendo, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau, Babana. Kana ina ne muryarka ke nisa haka?"

Na yi mata bayanin ƙasar da rana ba ta faɗuwa da mutanen da ke kiwon barewa. Ta yi salati, sannan ta yi tambayar da kowace Bafulatana za ta yi: "Ana tatsarsu?" Na ce a da ana tatsa, nonon kaɗan ne amma mai kauri, yanzu nama da fata aka fi nema. Sai na roƙe ta ta jero min iyayenta mata. Ta faɗi mahaifiyarta, ta faɗi kakarta, ta faɗi laƙabin uwar kakarta da rugar da aka ce ta fito. Ta tsaya.

"Daga nan kuma, Babana, sai Allah. Mata ba a riƙe su."

Na gefen uba kuwa ana jero su har a gaji. Haka al'adarmu take. Labaran asalinmu duk ta kan namiji suke bi: Bayajidda ya zo daga Bagadaza, Uƙba ya zo daga gabas. Ko inda aka ambaci macen, kamar Daurama, ta kan ɗan ake ci gaba da lissafi. Mace takan bar gidansu, ta bar garinsu, wani lokaci ta bar harshenta, jikokinta su tashi ba su san sunanta ba. Amma daga waccan uwa ta shekaru 9,000 zuwa Dada, sai da kowace ɗaya a jerin ta haifi 'ya mace, ta shayar da ita, ta tsare ta daga yunwa da cuta har ta girma ita ma ta haihu. Ɗaruruwan mata ke nan a jere, da ɗaya ta rasa 'yarta da zaren ya tsinke. Wannan ne ya fi taɓa zuciyata a duk al'amarin, ya fi min maganar Turai da Afirka. Na rubuta sunayen da Yafendo ta ba ni, na tura wa ƙannena.

Garin Alta, shi ma a Norwe, yana bakin teku, kuma abin da ya kai mu shi ne zanen duwatsu. A 1973 aka gano na Hjemmeluft, a 1985 hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya. Zane fiye da 6,000 ne a yankin, mafi tsufa sun kai shekaru 7,000. An shimfiɗa hanyar katako ta bi ta cikinsu. Akwai wata dabara ta sanin shekarunsu da ta burge ni: mutanen a bakin ruwa suke sassaƙa, ƙasar kuma tun da nauyin ƙanƙara ya sauka daga kanta take ɗagowa a hankali, don haka zanen da ya fi nisa da ruwa a saman tudu shi ya fi tsufa. Kana gangarowa kana matsowa kusa da zamaninmu. Na durƙusa gaban wani faffaɗan dutse inda aka zana shinge mai lanƙwasa, barewa na shiga ta ƙofarsa, mutum na tsaye a ciki da makami. Can gefe sawun wata babbar dabbar daji ya fito daga kogonta ya ratsa dutsen, ɗigo bayan ɗigo. Ga jiragen ruwa masu kan dabba a goshi, ga mai kamun kifi da dogon zare ya nutsa ƙasa. Wasu zanen an shafa musu jan fenti a zamanin nan don baƙi su gani, yanzu ana goge shi daga wasu. Waɗanda ba fenti sai rana ta karkata inuwa ta faɗa cikin sassaƙar kafin su fito sosai.

A cikin garin akwai tudun Komsa, inda Anders Nummedal ya gano kayan dutse a 1925, na mutanen da suka zauna wannan gaɓa tun kimanin shekaru 10,000 da suka wuce. Binciken ƙasusuwa na 2018 ya nuna ta hanya biyu aka shigo wannan yanki bayan ƙanƙara: wasu daga kudu, wasu daga gabas ta gaɓar arewacin Norwe, suka haɗu suka cakuɗa. Kogin Alta kuma shi ne inda Sami suka yi gwagwarmayar hana gina madatsar ruwa daga 1979 zuwa 1981, har da yajin cin abinci a gaban majalisar ƙasa a Oslo. An gina madatsar, amma daga wannan gwagwarmaya majalisar Karasjok ta samo asali. Kafin mu bar yankin mun tsaya a cocin Kåfjord. Nan aka binne kawunan Aslak Hætta da Mons Somby a 1997, Sami biyu da aka fille wa kai a 1854 bayan boren da aka yi a garin Kautokeino a 1852, aka ajiye ƙoƙunansu a ɗakunan nazarin jikin ɗan Adam shekaru fiye da 140 kafin danginsu su karɓo.

A hanyar komowa, ta Kautokeino da Enontekiö, abokina ya ce akwai wuri guda da ya kamata mu ratse, can kudu kusa da Seinäjoki. Sunansa Levänluhta, a ƙaramar hukumar Isokyrö. Idan ba a nuna maka ba sai ka wuce: 'yar maɓuɓɓuga ce a tsakiyar gonaki, da 'yan itatuwa kewaye, ruwanta ja-ja saboda sinadarin ƙarfe. Tun ƙarni na 19 ake ciro ƙasusuwa daga cikinta, na mutum kusan 100, akasari mata da yara, waɗanda aka binne a ruwa tsakanin shekara ta 300 da ta 800 Miladiyya, tare da awarwaro da tukunyar tagulla. Da aka karanta kundin gadonsu a 2018 da 2019 sai aka ga wasunsu sun fi kusa da Sami na yau a kan mutanen da ke noma wurin yanzu, kuma a cikin iyayensu mata akwai U5b1b1a, ainihin reshen da ya cika ƙasar Sami. Binciken 2018 ɗin ya kuma nuna Sami na da gado daga Saberiya, wanda ya iso yankin Kola aƙalla shekaru 3,500 da suka wuce, ya haɗu da na tsofaffin mafarauta da na manoma. Su ma ba daga zare ɗaya aka saƙa su ba.

Wannan gona ta fi kilomita 600 kudu da Inari. Abokina ya ce shi ya tashi da tunanin Sami mutanen can ƙurya ne, ba su da alaƙa da ƙasar da kakanninsa ke nomawa. Masana harshe kuwa sun daɗe suna nuna cewa sunayen tafkuna da dazuzzuka da dama a tsakiya da kudancin Finlan daga tsohon harshen Sami suka fito. A cikin waɗanda ake ambata har da Nuuksio, dajin da ke bakin Helsinki, inda mu ɗalibai kan je shan iska ranar hutu.